Rauni a wasan LARP: yadda ake gane mai ciwon gaske cikin masu kukan wasa

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Jamus ya aiko da tambaya. Ya shiga ƙungiyar masu wasan LARP, suna shirin wasan kwana biyu a daji da mutum kusan 60, kuma an ɗora masa kula da lafiyar 'yan wasa don ya taɓa yin kwas ɗin taimakon farko lokacin neman lasisin tuƙi. Yana so ya san abin da zai yi idan wani ya ji ciwo ana tsakiyar wasa, da kuma lokacin da ya kamata a dakatar da wasan.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ka riƙo. Aikina jinya ne a sashen gaggawa, kuma na sha zama a tantin agaji a irin waɗannan tarurruka, don haka zan gaya maka abin da na sani ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Ga masu karatu da ba su san wasan ba: mutane ne ke sa tufafin wani zamani ko na wata duniyar tatsuniya, kowa ya ɗauki suna da hali, su shiga daji ko tsohuwar fada su rayu a cikin labarin. Babu 'yan kallo, babu rubutaccen zance da ake haddacewa. Ya ɗan yi kama da tashen da yara ke yi da azumi, inda yaro zai manna gemun auduga ya duƙa kan sanda ya zama tsoho, sai dai wannan manya ne ke yi, ana kwana ana wuni a ciki, har da yaƙi da takubban soso. A Amurka ƙungiyar Dagorhir ta fara irin wannan faɗa a 1977, a Ingila kuma an buɗe Treasure Trap a fadar Peckforton a 1982. A nan Jamus ɗin da kake, taron ConQuest da ake yi a Brokeloh da Drachenfest da ake yi kusa da Diemelstadt kowannensu na tara dubban mutane duk bazara.

Abin da ya bambanta wannan wasa da sauran, wanda kuma duk amsata ta rataya a kansa, shi ne faɗuwa da kuka suna cikin wasan. A filin ƙwallo idan ɗan wasa ya kwanta bai tashi ba, kowa ya san akwai matsala. A nan kuwa mutum goma za su zube lokaci guda, suna nishi, suna riƙe ciki, an shafe su da jinin ƙarya, kuma wanda ya fi iya kwaikwayo shi ake yabo. To a cikin goman nan ɗaya ƙafarsa ta karye da gaske, ko kansa ya bugi dutse, ko numfashinsa ya sarƙe. Abokansa za su tsallake shi suna cewa kai, wannan ya iya wasa. Shi ma mai ciwon sau da yawa yakan ɓoye, don ya biya kuɗi, ya ɗinka kaya, ya jira wata da watanni, ba ya so a ce shi ne ya ɓata wa jama'a wasa. Saboda haka kafin bandeji, kafin akwatin magani, abin da za ka fara ginawa shi ne hanyar da ciwon gaske zai bayyana nan take.

Masu wasan sun daɗe da gane haka, shi ya sa kowace ƙasa ke da kalmar tsayarwa. A Jamus ana ɗaga murya a ce “Stopp”, kuma an raba kira biyu: wanda ya kira “Heiler” mai maganin cikin labari yake nema, wasa ne, wanda kuwa ya kira “Sanitäter” ma'aikacin agaji na gaske yake nema. A Birtaniya an saba da “Man down”, a Amurka “Hold”. 'Yan Norway suna da guda biyu, “kutt” don a yanke wasan ɗungurungum, “brems” don a sassauta ba tare da an tsaya ba. Kai ka ɗauki wadda 'yan ƙungiyarku suka saba da ita, kada ka ƙirƙiro sabuwa. Abin da ya fi kalmar muhimmanci shi ne abin da ke biyo bayanta: duk wanda ya ji ya maimaita da ƙarfi, ya ajiye makami, ya durƙusa a inda yake, ya yi shiru. Idan kowa ya durƙusa, wanda ke tsaye kusa da mai rauni yana ɗaga hannu shi kaɗai za ka hango, ko daga nesa ne. A gwada wannan da safe kafin a fara, a yi shi a aikace, ba a karanta shi daga takarda kawai ba. Kuma ka faɗa a gaban kowa cewa kowane ɗan wasa na da ikon tsayar da wasa, ko jiya ya shigo ƙungiyar, kuma ba za a yi wa kowa faɗa ba idan ya tsayar aka tarar ba komai. Ranar da aka harari wani don ya tsayar da wasa a banza, daga ranar kowa zai riƙa jinkiri, jinkirin nan kuwa shi nake tsoro. Haka nan a hana amfani da kalmar a cikin labari ko da wasa. Wanda ya yi haka a ja masa kunne sosai.

Akwai kuma wanda ba zai iya kira ba, don ya suma ko numfashi ya ƙi. Saboda shi ne ake koya wa 'yan wasa tambayar ishara: ka ga wani kwance kana shakka, sai ka yi masa alama da yatsu a gaban ƙirjinka, shi kuma ya ɗaga babban yatsa idan lafiya yake. Idan bai amsa ba, ko ya amsa da shakka, a tsayar. Masu sa fuskar dodo ta roba su ne na fi damuwa da su, don ba a ganin fuskarsu, zafi na cinsu a ciki, kuma galibi su ake yi wa taron dangi a yaƙi.

Idan an kira ka, ka je a matsayinka na kanka, da rigar da ake hangowa daga nesa. Ra'ayina shi ne mai kula da lafiya kada ya ɗauki hali a labarin kwata-kwata, kuma kada ya sha wani abu mai gusar da hankali, shi da direban da aka ware. Ka kira mai rauni da sunansa na gaskiya, ka ce masa an fita daga wasa yanzu, ina ke ciwo? Wasu sai ka maimaita sau biyu kafin su saki muryar jarumin da suke kwaikwayo. Ka duba abu uku a jere: yana amsawa, yana numfashi daidai, akwai jini mai zuba? Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai kira 112, lambar agajin gaggawa, ka nuna wani ka ce kai ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya, kai kuma ka fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 hurawa 2. Idan ka ce “wani ya kira” ba tare da ka nuna mutum ba, kowa zai zaci wani ya kira. Sulke da rigar ƙarfe sukan tare ƙirji, almakashin agaji kuma ba ya yanka sarƙar ƙarfe, sai dai maɗauran fata. Ka zagaya tun da safe ka ga yadda masu sulke ke ɗaura nasu, don ka san inda za ka yanka. Idan yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, ka kwantar da shi ta gefe. Jini kuma ka goge wurin da kyau ka ga ainihin raunin, don na ƙarya da na gaske sukan cakuɗe, sannan ka danna da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta ba ɗagawa. Idan ya faɗo daga tudu ko bishiya yana kukan wuya ko baya, ko hannuwansa na masa kamar tafiyar kiyashi, kada a motsa shi, kada a cire kwalkwali sai idan ya hana numfashi.

Bari in tsaya a kan bugun kai, don a nan ne ake yawan kuskure, kuma a nan ne za a fi matsa maka. Yawancin ƙungiyoyi sun hana dukan kai, amma a cikin turmutsutsu kai na haɗuwa da garkuwa, da gwiwar wani, da saiwar bishiya. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta bukatar suma. Yawancin waɗanda ta sama ba su suma ba ko na daƙiƙa ɗaya. Abin da za ka gani shi ne mutum ya tashi a hankali, yana tangaɗi, idonsa kamar ba ya wurin, yana maimaita tambaya ɗaya, yana kukan ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, haske na damunsa. Ka tambaye shi abubuwan duniyar gaske: ina muke, yau wace rana, da wa ka zo, me ka ci da safe? Duk wanda ka yi zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ya gama faɗa a wannan taro, ko da bayan minti goma ya ce garau yake ji. Wannan ba tsaurina ba ne. Matsayar taron masana da aka yi a Amsterdam a 2022 ke nan, kuma ƙa'idar da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin jama'a ta ce idan ana shakka a fitar da mutum, kada ya koma cikin awa 24, kuma kada ya koma gasar da ake haɗa jiki kafin kwana 21. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana cikin rauni, bugu na biyu kafin ta warke ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, ga shi mai jiri ya fi kowa saurin sake faɗuwa.

Zai roƙe ka. Zai ce yaƙin ƙarshe ne da yamma, shekara guda yana jira. Abokansa ma za su sa baki. Ka tuna cewa abin da yake amfani da shi wajen yanke hukunci shi ne ya bugu, don haka hukuncin ba nasa ba ne. Ka sa shugabannin ƙungiya su amince tun kafin ranar, a rubuce, cewa maganarka a kan lafiya ita ce ta ƙarshe, ko da mai taron ne ya bugu. Sannan akwai alamomin da ba a jira a kansu, 112 kai tsaye: suma, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, gani biyu-biyu, raunin hannu ko ƙafa, ruɗewa mai ƙaruwa, barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne. Wanda ke shan maganin tsinka jini kuwa ko bugun bai yi ƙarfi ba asibiti za a kai shi. Wanda ka bari a sansani kada ya kwana shi kaɗai a tanti, kada ya sha giya, kada ya tuƙa mota zuwa gida.

Abin da za ka fi gani da yawa dai ba takobi ne ke jawo shi ba, ƙasa ce. Targaɗen idon sawu da na gwiwa, daga gudu da dare a kan saiwoyi da ramuka da igiyoyin tanti. Likitocin Ottawa a Kanada sun fitar da wata hanya mai sauƙi a 1992 don sanin wanda ke bukatar hoton ƙashi: idan ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko kuma idan ka danna bayan ƙashin idon sawu ta ciki ko ta waje ya ji zafi a kan ƙashin kansa, ko a tushen ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa, to a kai shi a ɗauki hoto. In ba haka ba, ya huta, a sa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle kamar minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba matsewa sosai, a ɗaga ƙafar. Idan gaɓa ta karkace ko kafaɗa ta goce, a kafe ta yadda aka same ta. A kowane taro sai an sami wani mai ƙarfin hali da zai ce bari in ja in mayar. Ka hana shi, don ba ka san ko akwai karaya a ciki ba, kuma jijiyoyi na bi ta wurin.

Ido ba a wasa da shi. Kibiyar LARP ana yi mata kai mai faɗin kusan santimita 5 don kada ta shige ramin ido, amma duk da haka bugun na iya yin ɓarna a ciki. Kada a murza, kada a danna, a rufe da wani abu mai kauri da ba ya taɓa idon, kamar gindin kofin takarda, kuma duk wanda ganinsa ya canja a tafi da shi asibiti a lokacin. Haƙori idan ya fita ɗungurum, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a sa a madara, a nemi likitan haƙori cikin awa ɗaya. Haɓo, a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hanci minti 10 zuwa 15. Ƙunar wutar sansani, ruwan sanyi mai gudu minti 20, ba man goge baki, ba mai.

Zafi kuwa yakan zo a ɓoye. Mutum ya sa rigar ulu, ya ɗora sulke mai kilo goma ko fiye, ya yi ta gudu a watan Yuli ko Agusta. Mai gajiyar zafi zai yi gumi, jiri, ciwon kai, amma hankalinsa na nan: inuwa, cire kaya, ruwa. Da zarar magana ta fara ruɗewa ko hali ya canja, ka ɗauka zafin jikinsa ya haura digiri 40, a tuɓe sulken, a kwarara masa ruwan sanyi ko a tsoma shi a ciki tun kafin motar asibiti ta iso. A sa hutun shan ruwa cikin tsarin wasan, alƙalan wasa su tilasta. Da dare kuma lamarin yakan juye, wanda aka “kashe” a labari zai kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa da rigar da ta sha gumi, sanyi ya shige shi. A sa doka cewa gawa ba ta wuce 'yan mintuna a kwance.

Akwai abubuwan da suka shafe ka kai da duk wani baƙar fata a wurin, waɗanda kwas ɗin da ka yi wataƙila bai taɓo ba. An koya maka neman fatar da ta yi fari ko shuɗi ko ja, alhali a jikinmu ba haka suke fitowa ba. Ka duba cikin leɓe, da dasashi, da cikin fatar ido, da tafin hannu, ka kuma koya wa abokin aikinka, don wata rana kai ne za ka kwanta shi ya duba ka. Mai sikila, wanda mun san yawansa a cikinmu, sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki duk suna tayar masa da ciwo, idan kuma ya yi kukan ƙirji ko numfashi asibiti ne ba jira. Idan taron ya faɗo cikin azumi, mai azumi ya ɗauki halin da ba na yaƙi ba, kamar ɗan kasuwa ko marubucin fada. Sannan makaman nan yawancinsu soso ne a kan sandar fayiba, an lulluɓe da wata roba da ake kira latex, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da ita, kamar yadda wasu ba sa shiri da harbin zuma ko gyaɗa. Kumburin leɓe da harshe da sarƙewar numfashi na nufin allurar adirenalin a gefen cinya ta waje, a kira 112, a ƙara ta biyu bayan minti 5 idan ba sauƙi. Don haka kowa ya cika takarda kafin wasa: ciwon da yake da shi, maganin da yake sha, inda yake ajiye abin shaƙar asma ko allurarsa, da lambar wanda za a kira. Takardun su zauna a hannunka kai kaɗai, sirri ne.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce kwas ɗin yini ɗaya bai isa mutum ɗaya ya riƙe mutum 60 a daji kwana biyu ba. Ka nemi na biyu, don idan ka bi wani asibiti kada fili ya zama ba kowa, ku kuma riƙa karɓa-karɓa da dare. Ku tuntuɓi reshen ƙungiyoyin agaji irin su DRK (Red Cross ta Jamus) ko Johanniter ko Malteser na yankin, suna tura ma'aikata tarurruka, ko aƙalla su ba ku shawara. Ka je wurin tun da rana kafin taro, ka taka shi da ƙafarka, ka ɗaure ƙyalle mai haske a ramuka da gangare, ka gano inda waya ke samun sabis da inda ba ta samu. Dazuzzukan Jamus da yawa suna da allunan wurin haɗuwa da masu ceto, kowanne da lambarsa. Ka rubuta lambar mafi kusa da sunan asibitin da ke buɗe da dare, ka manna a tantin agaji, ka ware wanda zai tsaya bakin hanya da tocila ya jagoranci mota. A binciki kowane makami kafin a fara, a matsa shi daga kai har gindi, wanda sandarsa ta kusa ɓullowa a ajiye shi. A sake bincike da safiya ta biyu, don soso na taurara da sanyi kuma yakan yage a faɗan jiya. Ba a suka da makami mai sanda a ciki.

Game da ci gaba da wasa: ba kowane rauni ne ke bukatar a tsayar da kowa ba. Mai targaɗe a tallafe shi zuwa gefe, alƙali ya ƙirga a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan kuwa ba a iya motsa mai rauni, wasan ne zai ƙaura, a kwashe jama'a zuwa wani fili don kada su yi masa zobe suna kallo, a hana ɗaukar hoto. Alƙali ne ke buɗe wasa, amma sai ka ba shi izini. Kuma ka roƙi masu tsara labari alfarma ɗaya wadda ke rage ɓoye ciwo fiye da duk wa'azin da za ka yi: wanda ya fita don rauni kada jaruminsa ya mutu ko ya yi asarar abin da ya tara. A ba shi wani matsayi na zaune, a ce an naɗa shi mai ba sarki shawara, jama'a su riƙa zuwa wurinsa. Mai bugun kai ne kawai zan ce ya huta gaba ɗaya, don hayaniya da yawan tunani ma suna ƙara masa ciwo.

Kada ka manta da wanda ya yi bugun. Sau da yawa za ka same shi a bayan tanti jikinsa na rawa, yana ganin ya cuci abokinsa. Wani ya zauna da shi, a ji yadda abin ya faru ba tare da tsawa ba. Idan ganganci ne, wannan aikin alƙalai ne, ba naka ba. Kai ka rubuta komai a littafi: lokaci, wuri, abin da ya faru, abin da ka gani, abin da ka yi, da wanda ya shaida. Inshorar ƙungiya za ta nema, kuma idan ka ga ƙafa uku sun gurɗe a gangare ɗaya ka san inda ba za a sake yin yaƙi ba baɗi. Kafin a watse ka tuna wa kowa ya duba jikinsa saboda kaska, musamman bayan gwiwa da hammata da matsematsi. Tana ɗauke da cutar Lyme, a kudancin Jamus kuma, wato Bayern da Baden-Württemberg, har da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da suke kira FSME, wadda ke da rigakafi. A cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a ja a miƙe, a riƙa duba wurin har makonni, don zoben alamar Lyme da ke fitowa a fatar Bature ja ne, a tamu kuwa yakan zo da duhu-duhu, sai an lura. Washegari kuma ka buga wa duk wanda ya bugu a kai waya, ka ji muryarsa da kunnenka, ka tambayi wanda suke gida ɗaya yadda ya kwana.